Hayaƙin da mota ke sake shaƙa: kafin ka yarda a toshe maka EGR

Shirin yau na masu mota ne, da masu shirin saye.

Da yawa mun san wannan yanayin. Fitilar cek injin ta kunnu, mota na kakkarwa a sulo, ka je gareji, bakanike ya leƙa ya ce, “Oga, EGR ne. Mu toshe shi kawai ka huta.” To kafin ka ce “toshe”, bari mu san me za a toshe.

Iskar da injin ke shaƙa, kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce, kashi 21 oksijin. A zafi na yau da kullum ba ruwansu da juna. Amma idan zafin cikin silinda ya haura digiri 1,300, sai su haɗe su zama iskar da ake kira NOx. Ita ce ke fusata huhu, tana tayar wa masu asma ciwonsu. Bayan dokar tsaftar iska da Amurka ta yi a 1970, kamfanonin mota suka nemi dabarar rage ta, sai EGR ya fara bayyana a motoci a farkon shekarun 1970.

Dabarar mai sauƙi ce. Wani ɗan bawul ne ke ɗebo kaɗan daga hayaƙin salansa, a injin fetur kamar kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari, ya mayar da shi cikin injin. Hayaƙin nan ya riga ya ƙone, ba zai sake ci da wuta ba, sai dai ya tare wuri ya shanye zafi. Wuta ta ɗan lafa, NOx ya ragu. Kuma ba kullum bawul ɗin ke buɗe ba. A rufe yake lokacin da injin bai yi zafi ba, da lokacin sulo, da lokacin da ka take totur har ƙasa. Sai ana tafiya matsakaiciya yake buɗewa. Shi ya sa zancen wai yana cinye wa mota ƙarfi bai cika zama gaskiya ba, in dai lafiyarsa ƙalau.

Babbar matsalarsa ita ce kabon, wato baƙin tokar hayaƙi da ke taruwa tana daskarewa. Gajerun tafiye-tafiye a cikin gari, zaman gosulo, injin mai shan baƙin mai, duk suna hanzarta taruwarsa.

Idan kabon ya maƙale bawul a buɗe, hayaƙi zai riƙa shiga a lokacin da ba a buƙatarsa. Mota ta yi ta rawa a tsaye, tana mutuwa a danja. Idan kuma a rufe ya maƙale, ko hanyar ta toshe, za ka iya jin wata ƙara ƙas-ƙas kamar tsakuwa a gwangwani yayin hawan tudu. Fetur ne ke fashewa ba a kan ƙa'ida ba saboda zafi, kuma in ya daɗe yana yi, fistin ne ke biyan bashin. To ka ga, wanda ya toshe EGR da farantin ƙarfe, wannan matsala ta biyu ya ɗora wa motarsa da hannunsa.

Me ya kamata a yi? Na farko, a sa na'urar binciken kwamfuta. Duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 tana da mahaɗar OBD-II, galibi a ƙasan sitiyari. Lambar P0401 na nufin hayaƙin da ke komawa ya yi kaɗan, P0402 kuma ya yi yawa. Amma lura, lamba ba ta ce bawul ya mutu ba. Honda Accord mai silinda shida ta 1998 zuwa 2002, wadda ake ce wa Baby Boy, ta shahara da P0401, kuma galibi ramin da hayaƙin ke bi ne ya toshe. Ka sayi sabon bawul, fitila ta dawo. Toyota Prius ta 2010 zuwa 2015 kuwa, na'urar sanyaya hayaƙin ce ke cikewa. Don haka a kwance, a wanke bawul da hanyoyinsa, a sa sabon gasket, a duba tiyo da wayoyi. Kada a bari maganin wanki ya shiga ɓangaren lantarki. Sai duk wannan ya gaza a yi maganar canji.

Wani abu kuma: ba kowace motar fetur ke da wannan bawul ba. Camry mai silinda huɗu ta 2002 zuwa 2006 ba ta da shi, tsarin VVT-i ne ke rage zafin ta hanyar barin ɗan hayaƙi a silinda. In an ce a kawo kuɗin EGR, ka ce a nuna maka shi.

Sai ɗan'uwansa, katalis ɗin cikin salansa, wanda makanikai ke kira indomi. Yana ɗauke da ƙarafa masu tsada, filatinom, faladiyom da rodiyom, shi ya sa ake da masu sayensa. In aka ce “mu fasa shi mota ta numfasa”, ka tambayi kanka wa zai amfana. Abin da ke kashe shi yawanci fulogin da ya daina ba da wuta ne, ɗanyen fetur ya je ya ƙone a cikinsa ya narkar da shi. In cek injin ɗinka na ƙiftawa, kada ka ci gaba da tuƙi.

Saboda haka a canza baƙin mai a kan lokaci, a kula da fulogi, a duba matatar iska sosai lokacin ƙurar hunturu. Hayaƙin da ka ƙi gyarawa ba sama yake tafiya ba, ɗan acaɓan da ke bayanka ne ke shaƙarsa, da yarinya mai talla a bakin danja.

Wanda aka taɓa toshe wa EGR, ya gaya mana yadda motar ta kasance daga baya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah Ya tsare hanya.