Alkawarin baki ba ciniki ba ne

Ƴan uwa, mu masu saro kaya Jibiya da Kano, mu kula. Dokar cinikin Najeriya daga Ingila ta samo asali, tamu kuwa daga Faransa. A waccan doka, alkawari ba ya ɗaure mutum sai an ba shi wani abu a madadi: kuɗi, kaya, aiki, ko alkawarin biya. In ɗan kasuwa ya ce zai aje mana buhu har Juma'a, ba mu ba da komi ba, ba mu ce mun saya ba, yana iya saidawa. Alherin da ya wuce ba ya shiga lissafi. Sai dai takarda ta musamman da lauya ke tsarawa, ita tana ɗaure mutum ko kyauta ce. Kuɗin asusu amana ne, mu dinga ba da kafin alƙalami.