Kan Famfon Wanke-wanke: Wanne Za Mu Saya, Ƙaƙa Za Mu Riƙe Shi?

A gidaje da yawa, in mutum ya leƙa ɗakin girki, zai tarar an ɗaure kan famfo da tsumma ko da robar tayar keke, an kuma tara masa kwano a ƙasa. Ruwa yana ta ɗiga dare da rana, mutanen gida har sun saba da ƙararsa. In an tambayi maigida, sai ya ce ai bara ya sayi famfon, kuma mai tsada ne. Wannan gaskiya ne sau da yawa. Amma famfon da ya dace da wani gida a Ingila ba lalle ne ya dace da gidanmu ba, gama ruwanmu dabam ne, tukwanenmu kuma dabam.

Bari mu fara lissafta abin da ɗigon nan yake ci mana. Akwai daƙiƙa 86,400 a yini ɗaya da dare ɗaya. Wajen ɗigo 4,000 ne suke cika lita guda. To, famfon da yake ɗiga sau ɗaya kowace daƙiƙa yana zubar da kimanin lita 20 kowace rana, watau lita 600 a wata, ko kuwa jarka 24 irin ta lita 25. Uwargidan da ta taɓa sayen ruwa a hannun 'yan garuwa da rani ta san kuɗin jarka 24. Wanda yake jawo ruwa daga rijiyar burtsatse zuwa tanki da injin kuma, man fetur ne yake ɗiga masa a ƙasa.

Mu fara duba ruwanmu

Kafin a je kasuwa, ya kamata a san daga ina ruwan gida yake zuwa. Yawancinmu ba kai tsaye daga babban bututun hukuma muke sha ba. Muna tara ruwa a tanki a bisa gini ko a bisa ƙarfe, daga nan yake gangarowa da nauyin kansa. Ƙarfin ruwa ana auna shi da ma'aunin da ake kira ba. Tsayin mita 10 ne yake ba da ba ɗaya. Idan tankinmu mita 3 kaɗai ya ɗara bakin famfo, ƙarfin ruwanmu bai kai sulusin ba ɗaya ba. Ga shi kuwa, da yawa cikin famfunan nan masu hannu guda da ake ɗagawa sama, masu haɗa ruwan zafi da na sanyi, an ƙera su ne domin gidajen da ruwansu yake da ƙarfin ba ɗaya zuwa sama. Hanyoyin ruwa a cikinsu ƙanana ne. In an sa irinsu a ƙarƙashin gajeren tanki, sai ruwa ya riƙa fitowa siriri kamar zare, uwargida ta tsaya tana jira kwano ya cika. Yana da kyau a duba jikin kwalin, gama masu ƙira na kirki sukan rubuta mafi ƙarancin ƙarfin ruwan da famfonsu yake bukata.

Abu na biyu shi ne yashi. Ruwan burtsatse yakan zo da ɗan yashi. Ruwan hukuma kuma, in ya yi kwanaki bai zo ba, yakan dawo da iska da tsatsa da laka. Wannan ne yake raba famfo iri biyu da muke gani a kasuwa.

Na farko shi ne tsohon yayi, wanda ake murɗawa sau biyu ko uku kafin ya rufu. A cikinsa akwai 'yar roba mai faɗi da take sauka ta danne bakin ramin da ruwa yake fitowa. Robar takan cinye, amma kuɗinta bai kai na sabulu guda ba, kowa kuma zai iya sake ta. Na biyu shi ne wanda ake juyawa kaɗan kawai, rubu'in kewaye, ya buɗe ko ya rufe. A cikinsa akwai faifai biyu na tangaran mai tauri, masu santsi ƙwarai, ɗaya yana goga ɗaya. Yana da daɗin aiki, musamman ga mai hannu cike da kumfa ko tsohuwar da yatsunta suke ciwo, kuma a ruwa mai tsabta yakan yi shekaru bai ɗiga ba. Amma ƙwayar yashi ɗaya in ta shiga tsakanin faifan nan ta karce su, ba gyara sai a sake zuciyar famfon ɗungum, kuma ba kullum ake samun irinta ba. A ganinmu, gidan da ruwansa yake da yashi kuma ba shi da mataci a bakin tanki, gara ya tsaya a kan tsohon yayi. Wanda yake son na tangaran, sai ya sa mataci tukuna.

A kasuwa

Ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ne, ko a Fanteka ta Kaduna, ko a shagon kayan gini na garinmu, famfuna duk walƙiya suke yi, gama an shafe su da farin ƙarfe a waje. Abin da yake ƙarƙashin shafen shi ne magana. A ɗauki biyu a hannu a gwada nauyinsu. Na tagulla yana da nauyi, in an leƙa cikin gindinsa inda ake ɗaurawa, za a ga launin rawaya. Na tutiya ba shi da nauyi sosai, cikinsa toka-toka ne, ruwa yakan ci shi a hankali har wata rana ya tsage a wuya. Na roba ba ya tsatsa, yana kuwa da araha, amma rana takan busar da shi ya karye, haƙoransa kuma sukan lalace in an ɗaure da ƙarfi. Akwai kuma na ƙarfen nan da ba ya tsatsa, mai kyau ne in na gaske ne.

Akwai magana ɗaya game da tagulla. Masu ƙira sukan gauraya ta da 'yar dalma domin ta yi sauƙin yanka, dalma kuwa guba ce, musamman ga ƙananan yara da mata masu ciki. A Amurka, tun daga shekarar 2014 doka ta hana dalma ta wuce kashi 0.25 cikin ɗari a sassan famfon da ruwan sha yake taɓawa. A da an yarda har kashi 8. Famfon da ba shi da sunan maƙeri a jikinsa, ba mai iya faɗin abin da aka zuba a ciki. Saboda haka da safe, a tari ruwan farko da ya kwana a cikin famfo a daro domin wanke-wanke ko shara, sa'an nan a ɗebi na sha da na kunun yara.

Kada maigida ya tafi kasuwa shi kaɗai da ra'ayinsa. Ba shi ne yake wanke tukunyar tuwo ba. Uwargida ta auna tsayin tukunyarta mafi girma, irin wadda ake fito da ita lokacin Kirsimeti ko ranar suna, a nemi famfo mai dogon wuya da tukunyar za ta shiga ƙarƙashinsa ba tare da an karkata ta ba. Wuyan ya zama mai juyawa dama da hagu, bakinsa kuma ya kai tsakiyar kwamin wanke-wanke. Amma in kwamin ba shi da zurfi, wuya mai tsayi ƙwarai zai riƙa fantsama ruwa a zane da ƙasa. Yawancin bututun ɗakin girki rabin inci ne, duk da haka a tafi da tsohon famfon a gwada. Kuma a sayi makullin ruwa ƙarami a sa a bututun kafin famfon, domin ranar gyara kada a rufe ruwan gida duka.

Riƙo

Abin da ya fi kashe famfo shi ne hannuwanmu. Yara sukan murɗe shi da iyakar ƙarfinsu suna tsammani haka ne rufewa, robar kuwa sai ta niƙe. In ruwa ya tsaya, murɗawa ta isa. Sa'an nan ga halin rataye bokiti a wuyan famfo yana cika. Lita 20 na ruwa kilo 20 ne, ba kuwa wuyan famfon da aka yi domin ɗaukar wannan kaya. Haka nan toka da soson ƙarfe, da suke da amfani ga bayan tukunya, suna kankare shafen famfo. Sabulu da tsumma sun isa. Farin dattin nan mai tauri da yake taruwa a baki, ruwan lemun tsami yana narkar da shi.

Famfuna da yawa suna da 'yar rariya a baki. In ruwa ya ragu ko yana fita a karkace, a kwance ta a wanke kafin a kira mai gyara. Ranar da ruwan hukuma ya dawo bayan ɗaukewa, a cire rariyar, a bar jan ruwan ya zuba a bokiti har ya washe. Kuma kada a bar famfo a buɗe da dare ana jiran ruwa, gama yakan zo da tsakar dare sa'ad da kowa yake barci.

Wajen wanke-wanken kansa, famfo mai ƙarfi yana iya zubar da lita 8 a minti ɗaya. Wanda ya bar shi a buɗe minti 10 yana cuɗa kwanoni ya zubar da lita 80. Daro biyu, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraya, za su yi wannan aiki da kimanin lita 20. A fara da kofuna da cokula, a ƙare da tukwane masu maiƙo.

Sake roba

Wannan aikin ba ya bukatar mai gyaran famfo. Ko uwargida ko babban yaro zai iya, da sifana da sukundireba. A rufe makullin ruwa, a buɗe famfon sauran ruwan ya tsiyaye, a toshe ramin kwamin da tsumma kada ƙaramin noti ya faɗa. A cire murfin da yake bisa hannun famfo, a kwance ƙusar da take ƙarƙashinsa, a zare hannun. Za a ga babban noti. A riƙe jikin famfon da hannu ɗaya sosai domin kada bututu ya murɗe a cikin bango, a kwance notin zuwa hagu. Robar tana can a ƙarshen abin da ya fito. A kai ta kasuwa a sayi daidai ita, a ƙara biyu ko uku a ajiye. Waɗansu sukan yanka roba daga tsohon silifa. Wannan zai riƙe na 'yan kwanaki, amma ba ya daɗewa. Kafin a mayar, a sa yatsa a shafa bakin ramin da robar take zama. In an ji kaushi ko tsaga, sabuwar roba ma za ta ɗiga, nan ne za a kira mai gyara ya goge wurin.

Idan ruwan daga ƙarƙashin hannu yake tsattsafowa sa'ad da aka buɗe, akwai ƙaramin noti a jikin sandar, a ƙara ɗaure shi kaɗan. Idan daga gindin wuya mai juyawa ne, zoben roba ne ya gaji, a sake shi. Kada a shafa masa baƙin mai ko man shafawa, gama man da aka yi daga fetur yana lalata irin wannan roba. In kuwa famfon duka za a sake, a naɗa farin tef na masu famfo a haƙoran, a bi da shi ta dama yadda ake ɗaurawa, domin in an naɗa ta hagu zai warware sa'ad da ake murɗa famfon. A ɗaure da hannu tukuna, sa'an nan a ƙara kaɗan da sifana, a buɗe makullin ruwa a hankali a duba ko akwai jiƙa.