Hoton Ciki da Ruwan Ƙara Haske: Abin da Ya Kamata Mai Juna Biyu ta Sani

Mata da yawa kan tambaya a wurin awo ko sai an yi musu allura kafin a ɗauki hoton ciki, wato sikanin. Amsa ita ce a'a. Ruwan da jariri ke kwance a cikinsa ya isa ya fito da shi sarai. Sauti na'urar ke aikawa, ba irin hasken hoton ƙashi ba. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowace mai ciki ta yi hoto sau ɗaya kafin mako 24, don a san kwanakin cikin, a kuma gane tagwaye da wuri.

To, ina amfanin ruwan ƙara haske? Ruwa ne mai ƙananan kumfa na iska, girmansu bai wuce na ƙwayar jini ba. Likitoci a Amurka ne suka fara lura da amfaninsu a 1968. Ana saka shi ta jijiya don a duba zuciya ko a tantance ƙari a hanta. Iskar kan fita ta numfashi cikin mintuna kaɗan, ba ta bi ta ƙoda.

Akwai kuma wanda ake zubawa ta bakin mahaifa, ruwan gishiri gauraye da iska, don a ga ko hanyoyin ƙwai a buɗe suke. Wannan ya shafi matan Kura da Bunkure, inda ruwan Tiga ke bin magudanan noman rani. Wanki da wanka a irin wannan ruwa na iya jawo tsargiya, ita kuwa ba ta tsaya ga fitsarin jini ba. Takan taɓa hanyoyin ƙwai, ta jawo jinkirin haihuwa ko ciki a wajen mahaifa.

Sai dai a kula: ba a yin gwajin hanyoyin ƙwai ga mai ciki, sai bayan ɗaukewar al'ada. Na jijiya ma likitoci kan kauce masa a lokacin goyon ciki.

Don haka 'yar'uwa, in kin yi ɓatan wata, ko da zato ne, faɗa wa likita kafin kowane gwaji. Maigida kuma, in an ga jini a fitsarin wani a gida, a kai shi asibiti. Tsargiya na da magani.