Gargaɗi: Kada Biki Ya Jinkirta Kai Yaro Mai Sikila Asibiti

Jama'a, wannan kira ne ga duk gidan da ke da ƙaramin yaro mai sikila, musamman wanda bai kai shekara 5 ba. In hunturu ya shigo, makarantu kan yi hutu, katin biki sai shigowa yake yi. A wajen sauran yara lokaci ne na sabbin kaya da ziyarar kakanni. A wajen mai sikila kuwa, abubuwa uku da suka fi tayar masa da ciwo ne suka haɗu lokaci guda: sanyi, bushewar jiki da cuɗanya da masu tari da mura.

Ba ƙaramin al'amari ba ne a ƙasarmu. An ƙiyasta cewa jarirai kusan 150,000 ake haifa da wannan lalura a Najeriya duk shekara, babu wata ƙasa a duniya da ta kai haka. Ƙwayoyin jinin yaron suna lanƙwashewa kamar lauje, su maƙale a ƙananan jijiyoyi. Sanyi yana tsuke jijiyoyin, rashin ruwa yana sa jinin kauri, sai hanya ta toshe. Yaro ɗan shekara biyu ba zai ce miki ƙashinsa na sara ba. Kuka zai yi ta yi, ya ƙi takawa, bayan hannunsa ko ƙafarsa ya kumbura ya yi zafi.

Abin da ya fi komai gaggawa shi ne zazzaɓi. Saifar waɗannan yara tana rasa ƙarfi tun suna ƙanana, don haka ƙwayar cutar da wani yaro zai kwana biyu ya warware, shi tana iya shiga jininsa ta kayar da shi cikin sa'o'i. In ma'aunin zafi ya kai digiri 38, asibiti za a nufa a lokacin, ko da tsakar dare ne, ko da ana shirin kai amarya. Farasitamol yana saukar da zafin jiki, amma bai taɓa abin da ya kawo zafin ba. Kada a ce "bari gari ya waye", kada a ce "bari a watse tukuna", kuma kada a tsaya a kemis ɗin unguwa. Gidan da ba shi da ma'aunin zafi ya saya yau, kuɗinsa bai kai na ankon biki ba.

Uwa, ki roƙi likita ko nas su nuna miki yadda ake taɓa saifa, a gefen hagu ƙarƙashin haƙarƙari. Akwai lokacin da jini ke taruwa a cikinta farat ɗaya: ciki ya yi girma, tafin hannu da cikin fatar ido su yi fari fat, yaro ya yi laƙwas, numfashi ya yi sauri. Wannan ƙarin jini yake buƙata nan take. Ba aikin wanzami ba ne, kada a bari a yi masa tsaga, kada a ɗura masa jiƙo. Haka nan tari da numfashi sama-sama, ko karkacewar baki, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta harɗe, duk ɗakin gaggawa ne kai tsaye. Shanyewar ɓarin jiki tana kama yara masu sikila tun suna 'yan shekara biyu, kuma likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano suna cikin waɗanda suka gudanar da binciken da ya nuna maganin hydroxyurea yana rage wannan haɗari. Duk yaron da aka ɗora a kansa, kada a tsallake masa ko kwana ɗaya saboda hidima.

Yanzu ga ku dangi, kuma da ku na fi son magana. Sau da yawa uwar ta san duk abin da na faɗa, kunya ce ke ɗaure ta. An ce lallai a zo da yaro ƙauye kakarsa Hajiya ta gan shi. In uwar ta ce ba zai jure tafiyar asuba a motar haya mai fasasshen gilashi ba, sai a ce ta cika iyayi, ko ɗanta ya fi na kowa ne. Sai ta goya shi ta tafi, a kwana mutum goma a ɗaki ɗaya, wannan na tari wancan na atishawa, da sassafe a yi masa wanka a tsakar gida. Ita tana can wajen tukunya, yaron yana hannun 'yan mata, babu wanda ya tuna ya ba shi ruwa tun safe. Hajiya, in kina son ganin jikanki, ki zo inda yake, ko a nuna miki shi ta waya. Maigida, kai ne za ka faɗa wa mahaifiyarka haka da bakinka, kada ka bar matarka ta sha baƙin jini ita kaɗai. Mai mura kuma ya haƙura da ɗaukar yaron da sumbatarsa, ba wulaƙanci ba ne.

In tafiyar ta zama dole, a fita bayan rana ta ɗaga, da rigar sanyi, hula da safa. A riƙe gorar ruwa a riƙa ba shi yana kurɓa ko bai nema ba. Wanka da ruwan ɗumi, cikin ɗaki, da rana. Kada a kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki, hayaƙinsa marar wari yana kashe har manya. Gidan sauro ya bi ku duk inda za ku, don maleriya tana cinye ɗan jinin da yake da shi.

Tun kafin ranakun hutu, a karɓo maganinsa da zai kai har bayan dawowa: folik asid, maganin rigakafin maleriya, da penisilin in likita ya rubuta. A duba katin rigakafi, domin daga hunturu zuwa bazara ne lokacin sanƙarau da ƙyanda. A sa katin asibiti a jaka, a rubuta rukunin jininsa da yawan jinin da ya saba zama a kai. A tambaya tun yanzu wane asibiti ne mafi kusa da inda za a sauka wanda ke iya ƙarin jini da dare, a kuma samu mutum biyu cikin dangi da suka amince za su ba da jini in an kira su. A ranakun hutu ma'aikata kan ragu, kantunan magani kan rufe da wuri, don haka kuɗin mota da lambar direban da zai ɗaga waya ƙarfe biyun dare su kasance a hannun uwar.

Wanda ya karanta wannan ya isar da shi ga maƙwabcin da ke da irin wannan yaro, yau ɗin nan.