Karatu a Ƙasar Waje: Lissafi Huɗu da Za Ka Yi Kafin a Biya Ko Sisi

A ce ka gama sakandare a Boɗinga ko Shagari, sakamakon WAEC ya yi kyau, sai ga talla a WhatsApp: wai digiri a Ingila shekara 3 ne kacal. Ko kuma wani ejan a Sakkwato ya ce zai samo maka gurbin karatun likita a waje ba sai da JAMB ba. To kafin Baba ya kai shanu kasuwa ko a jinginar da fadama, ka sani kowace ƙasa da irin ma'auninta na ilimi, kamar yadda mudun wata kasuwa ba ya zama daidai da na wata. Wurare huɗu ne ma'aunin ya fi bambanta.

1. Ƙirga shekaru tun daga firamare

Tsarinmu na Najeriya shi ne 6-3-3-4: firamare 6, ƙaramar sakandare 3, babba 3, jami'a 4. Wato shekara 12 kafin jami'a, jimla 16.

A Ingila yaro kan yi shekara 13 kafin jami'a, biyun ƙarshe su ne na A-Level, sannan digiri shekara 3. Haɗa ka gani: 16 ne dai. Ka ga ba wata gajeriyar hanya. Kai mai WAEC kana mataki na 12, shi ya sa yawancin jami'o'insu za su nemi ka yi shekarar share fage tukuna, kuma ita ma da kuɗinta.

Haka abin yake a maƙwabta. Da ka tsallaka Illela ka shiga Ƙonni, tsarin Faransa ne: firamare 6, kwaleji 4 mai ƙarewa da jarrabawar BEPC, sai lise 3 mai ƙarewa da BAC. Shekara 13 kenan, sannan digirin Licence na shekara 3. A jami'o'in gwamnati irin su Abdou Moumouni ta Yamai da Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, da Faransanci ake koyarwa. Hausarka za ta yi maka amfani a kasuwa, amma ba a ɗakin jarrabawa ba.

Amurka da Turkiyya kuwa 12 da 4 ne kamar mu. Sai dai tallafin karatu na gwamnatin Turkiyya ya ƙunshi shekara guda ta koyon Turkanci, a Amurka kuma ba a shiga karatun likita daga sakandare, sai an yi digirin farko.

2. Kiredit ɗinsu ba naka ba ne

A jami'o'inmu, irin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kiredit ɗaya na nufin awa ɗaya ta lacca a mako har zango ya ƙare. A Turai ba haka ake awo ba. Bayan yarjejeniyar Bologna ta 1999, wadda ƙasashe 29 suka sa wa hannu, ma'aunin ECTS ya zama ruwan dare: kiredit 60 a shekara, kowane ɗaya awa 25 zuwa 30 na aikin ɗalibi, har da karatun da yake yi shi kaɗai a ɗaki. Ingila kuma 120 take ƙirgawa a shekara.

Saboda haka 180 na ECTS da 360 na Ingila duk shekara 3 suke nufi. Wannan na da muhimmanci idan ka fara karatu a gida kana son komawa waje, ko kana neman digiri na biyu. Kar yawan lamba ya ruɗe ka, ka tambayi awa nawa ke cikinta.

3. Maki

A nan 5.00 ne ƙololuwa, daraja ta ɗaya ta fara daga 4.50. A Amurka 4.0 ne. A Jamus abin a juye yake: 1.0 ne mafi kyau, 4.0 kuwa da ƙyar aka tsallake. A Nijar da Faransa bisa 20 ake ba da maki, 10 ne cin jarrabawa, mai 15 kuma gwani ne. Idan takardar tallafi ta ce ana son 2.5, fara gano na wace ƙasa ce, don kar ka fasa neman abin da ka cancanta, ko ka ɓata kuɗi kan abin da ba za ka samu ba.

4. Wa zai karɓi takardar idan ka dawo?

Nan ne aka fi yin kuka. Tambayar kuma ba sabuwa ba ce a wannan yanki. Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya zauna a Boɗinga, ya rubuta littafin Ida'un Nusukh yana lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu. Tun a wancan zamani ana duba daga hannun wa mutum ya ɗauko ilimi.

Yau Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja ce ke tantance takardun waje, kuma NYSC na sake dubawa kafin ka tafi bautar ƙasa. Wanda ya karanta likitanci sai ya ci jarrabawar hukumar MDCN kafin ya taɓa mara lafiya. Wanda ya karanta lauya sai ya yi ƙarin kwas na Bar Part I a Makarantar Lauyoyi.

Ga misalai biyu. A Disambar 2023 ɗan jarida Umar Audu na jaridar Daily Nigerian ya bayyana yadda ya samu digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako 6. A Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin Jamhuriyar Benin da Togo, abin ya shafi har waɗanda suka zauna aji da gaske. A 2022 kuma, bayan ɓarkewar yaƙi a Yukren, MDCN ta ce ba za ta karɓi karatun likitan da aka yi ta intanet ba. Wato rajista a can daban, karɓuwa a nan daban.

Abin yi yanzu

Ɗauko takarda ka rubuta amsar waɗannan, daga shafin jami'ar da na ma'aikatar ilimin ƙasar, ba daga bakin ejan ba:

- Da WAEC ko NECO, aji ɗaya zan shiga ko share fage?
- Da wane harshe ake koyarwa, kuma shekara nawa jimla?
- Sunan makarantar da kwas ɗin na cikin jerin da gwamnatin ƙasar ta amince da su?
- Wace hukuma ce za ta ba ni lasisin aiki a Najeriya, kuma me take buƙata?

Sannan ka nemi wanda ya gama wannan makarantar, ya dawo, ya yi bautar ƙasa, ka ji daga bakinsa. Idan an rasa ko mutum ɗaya irin wannan, a bar shanun a garke tukuna.