Awon Ƙarfin Ƙashi Tun Kafin Karaya

Ƙashi abu ne mai rai, domin kullum jiki yana rushe tsohonsa yana gina sabo, kuma ginin yakan rinjayi rushewar har zuwa wajen shekara 30, daga nan sai al'amarin ya fara juyawa sannu a hankali. Idan rushewar ta yi yawa, ƙashi yakan koma kamar icen da gara ta ci, bayansa lafiya lau amma cikinsa duk ramuka, wanda shi ne ciwon zaizayar ƙashi da likitoci ke kira ostiyoforosis. Ya fi kama mata bayan sun daina al'ada, saboda sinadarin estirojin da ke kare ƙashi yana raguwa ƙwarai a lokacin, kuma ba ya zuwa da zafi ko zazzaɓi, sai dai a ga tsohuwa ta ranƙwafa tsawonta ya ragu, ko ta zame a banɗaki ƙashin ƙugunta ya karye.

Na'urar da ake awon ƙarfin ƙashi da ita, wato DXA, tana haska ƙugu da ƙasan gadon baya da hasken hoton ƙashi marar ƙarfi, mutum yana kwance da tufafinsa na 'yan mintuna, ba allura ba yanka, sannan a kwatanta sakamakon da ƙashin matashi lafiyayye. A shekarar 1994 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da ma'aunin da ake kira makin T: wanda makinsa ya kai -2.5 ko ya yi ƙasa da haka yana da ciwon, wanda kuma ya faɗa tsakanin -1 da -2.5 ƙashinsa ya fara rauni. A Amurka ana shawartar duk macen da ta kai shekara 65 ta yi awon. Inda babu na'urar kuwa, akwai lissafin FRAX da Jami'ar Sheffield ta Ingila ta fitar a 2008, wanda ke ƙiyasta haɗarin karaya cikin shekara 10 daga shekarun mutum da nauyinsa da shan taba da tarihin karayar ƙugu a iyayensa.

Abin damuwa a ƙasar Hausa shi ne yadda ake shan ƙwayoyi irin su dexamethasone ba da umarnin likita ba, don neman ƙiba ko sauƙin ciwon gaɓoɓi, alhali suna cin ƙashi idan an daɗe a kansu. Haka nan dattijuwar da ta karye a wuyan hannu daga 'yar faɗuwa akan kai ta wurin mai ɗori a tsaya nan, alhali irin wannan karaya ita ce babbar alamar cewa wata na tafe, kuma lokacin ne ya kamata likita ya auna ta, ya duba ko tana buƙatar magani irin su alendronate tare da kalsiyam da bitamin D.