Bayani A Kan Tsabtar Kujerun Fata Da Sitiyarin Mota

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya hore wa bayinSa dabbobi, suna cin namansu, suna amfani da fatunsu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, wannan bayani ne ga malamai da fatake da dillalai waɗanda Allah Ya ba su abin hawa, ko kuwa suke saye da sayar da shi. Abin da ya jawo shi kuwa wata al'ada ce da ta bazu a wuraren wankin mota da kasuwannin motoci, watau shafa wa kujera da sitiyari wani mai domin su yi ta sheƙi kamar madubi. Mai mota ya gani ya yi murna, ya ƙara wa yaro lada, yana zaton an gyara masa dukiya. Alhali kuwa ɓata masa ita aka yi, watakila ma an jefa ransa cikin haɗari.

Fasali na farko: sanin fatar da ake magana a kanta

Ƙasar Hausa ba baƙuwar fata ba ce. Tun zamanin ayari fatake suke ɗaukar jemammiyar fatar jar akuya ta Sakkwato da Maraɗi, su ƙetare Sahara da ita har bakin tekun arewa, Turawa kuma suka riƙa kiranta fatar Maroko saboda ta wannan fuska take iso musu. Majemanmu suna jiƙa fata da ruwan toka su tuje gashin, su jeme ta da bagaruwa, su shafe ta da mai, dukawa su rina ta da karan dafi. Irin wannan fata ita ce ta gafaka da sirdi da kube. Jikinta a buɗe yake, tana shan mai kamar yadda busasshiyar ƙasa take shan ruwa, saboda haka wanda ya shafa wa gafakarsa ɗan mai da hunturu bai yi kuskure ba.

Fatar mota dabam take. Galibinta ta shanu ce, kuma ba da bagaruwa ake jeme mafi yawanta ba, sai da wani gishiri mai suna kurom. Wani mutum mai suna Augustus Schultz ya yi wa wannan hanya rajista a Amurka cikin shekarar 1884, kuma irinta ce manyan majemu na Challawa da Sharaɗa a Kano suka yi suna da ita. Bayan jima sai a fesa wa fatar launi, kana a bi ta da wani siririn rufi mai kama da roba. To, wannan rufi shi ne hannu yake taɓawa, shi ne tufa take goga. Mai wanke kujerar mota rufin nan yake wankewa, ba ainihin fatar ba.

Wanda yake so ya gane irin tasa, sai ya ɗiga ɗigon ruwa guda a wani lungu na kujera. In ɗigon ya tsaya a dunƙule, fatar mai rufi ce, kuma haka mafi yawan motoci suke. In ya nutse ya bar duhu, to marar rufi ce, ko kuwa rufin ya cinye a wurin, sai a yi mata sannu ƙwarai. Har wa yau akwai kujerun da ba fata ba ne sam, roba ce aka yi wa zanen fata, kamar wadda kamfanin Mercedes yake kira MB-Tex da wadda Toyota yake kira SofTex. Mai saye ya sani, kada ya biya kuɗin fata a ba shi roba.

Fasali na biyu: daga ina sheƙi yake zuwa

Duk wanda ya taɓa shiga sabuwar mota ya ga fatarta ba ta ƙyalli. Shiru take, da ɗan kaushi mai daɗi a tafin hannu. Sheƙi daga baya yake zuwa, kuma asalinsa dauɗa ce. Zufa da maiƙon jiki da man shafawa da turare da ƙura su ne suke taruwa su cike ƙananan ramukan da ke jikin fata, hannu kuma yana bi yana dannewa yana gogewa kullum, har wurin ya yi sumul. Abin da ya sa ke nan sitiyari da gefen kujerar direba, inda yake zamewa wajen shiga da fita, su suke fara sheƙi, kujerar baya kuwa tana nan yadda take.

Wannan sheƙi kyan ɗan maciji ne. Gama dauɗar nan tana ɗauke da gishirin zufa da tsakuwar ƙura, suna cin rufin a hankali. Ran da rufin ya hudu, zufa ta kai ga ainihin fata, sai launi ya kama ɓarewa, fatar ta yi baƙi, ta tsage. Daga nan babu sauran wanki, sai rini ko sabon ɗinki, kuɗinsu kuwa ya ninka na sabulu sau da yawa.

Abin da ya fi wannan muni shi ne santsi. Motar da take gudun kilomita 100 cikin sa'a tana cin kusan mita 28 cikin daƙiƙa guda. In saniya ta faɗo titi tsakanin Zariya da Funtuwa, direba ya fizgi sitiyari hannunsa ya zame, kafin ya sake kamawa motar ta riga ta wuce inda dabara za ta yi amfani. Saboda haka man silikon da ake fesa wa taya da gaban mota kada ya kusanci sitiyari, ko sandar giya, ko abin taka birki. Haka kuma rigar sitiyari da ta yi masa yawa, tana juyawa ita kaɗai, cire ta ya fi barinta.

Fasali na uku: yadda ake wankewa

A ajiye mota a inuwa, a bari kujeru su huce, domin sabulu a kan fata mai zafi nan da nan yake bushewa ya bar dabbare. A fara da kawar da ƙura da na'urar zuƙa ko da lallausan buroshi, a bi layin ɗinki da lungunan da yashi yake maƙalewa. Wanda ya tsallake wannan ya sa jiƙaƙƙen tsumma, ya mai da ƙurar abin kankara.

Sa'an nan a samo ruwa mai ɗumi cikin ƙwarya ko kwano, a sa masa ruwan wankin fata wanda aka yi domin haka. In babu, sai ɗan sabulu mai laushi irin na wankan jarirai, kaɗan ƙwarai, gwargwadon abin da zai tayar da kumfa. A gwada a ɓoyayyen wuri tukuna, a duba ko launi ya biyo tsumma. In bai biyo ba, a ɗebi kumfar da buroshi mai laushi, a bi kujera kashi kashi, kowane kashi kamar faɗin allo, ana murzawa a hankali ba da ƙarfi ba. Kafin kumfar ta bushe a ɗauke ta da farin tsumma na auduga wanda aka jiƙa aka matse sarai, kana a bi da busasshe. Amfanin farin tsumma shi ne yana nuna gaskiya: muddin yana fitowa da baƙi, da sauran aiki.

Kada a kwarara ruwa. Ƙarƙashin fata soso ne, in ya sha ruwa sai wari da funfuna, kuma kujerun zamani da yawa suna da wayoyin lantarki a cikinsu. Kujera mai ƙananan huji ta fi kowace bukatar wannan kiyayewa. Sitiyari kuma ba a fesa masa kome kai tsaye, a tsumma ake sawa, domin tsakiyarsa akwai jakar iska da maɓallai. A naɗe shi da tsumma a bi shi kewaye, har bayansa inda yatsu suke zama, nan ne dauɗa ta fi yin kauri.

Alamar an gama ita ce sheƙin ya tafi, fatar ta koma shiru, hannu yana kama ta ba ya zamewa. In an wanke sau biyu wuri bai daina ƙyalli ba, to rufin ne ya goge, ƙarin murza ba zai ƙara kome ba sai ɓarna. A kai wa mai rinin fata. Bayan wanki, wanda ya sami man kiyaye fatar mota marar maiƙo ya shafa kaɗan a kujeru, ya goge ragowar. Sitiyari kuwa barinsa a bushe ya fi.

Fasali na huɗu: abubuwan da ake guje wa

Fetur da kananzir suna narkar da rufi, su tafi da launi. Garin sabulun wanki da ruwan bilic da kanwa da sabulun salo duk suna da kaifi irin na toka, jemammiyar fata kuwa ɗan tsami gare ta a ɗabi'arta, kaifin nan yana busar da ita. Man gyaɗa da man shanu da man kaɗanya, waɗanda suke yi wa sirdi amfani, a nan ba su da hanyar shiga, sai su zauna bisa rufi su kama ƙura, su ɓata wa mutum riga. Man goge takalmi shi ma haka, farar shadda ce take biyan bashinsa ran Juma'a. Ruwan tsabtace hannu da ya yawaita a shekarar 2020 saboda annobar korona, da turaren fesawa, suna da sinadari mai cin rufi. Wanda ya shafa su ya bari hannunsa ya bushe kafin ya kama sitiyari.

Akwai tabo uku da aka fi gamuwa da su a wannan ƙasa. Na ɗaya shuni, wanda yake sauka daga sabon rawani ko riga mai baƙin rini zuwa farar kujera. Maganinsa shimfiɗa mayafi kafin a zauna. Na biyu jan goro. Na uku tawada da lalle. Dukansu in an ɗauke su nan take da danshin tsumma, ana dannawa ba a murzawa, sukan fita. In sun kwana sun shiga rufi, sai a haƙura a nemi gwani, gama da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kowane lokaci na shekara da nasa sharri. Da hunturu ƙura ce da bushewa, sai a yawaita sharewa. Da bazara, sa'ad da zafi yake wuce digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, cikin rufaffiyar mota ya fi waje zafi nesa ba kusa ba, rana kuma tana ƙona launi ta cikin gilashi. A nemi inuwa, a rufe gilashin gaba, a yafa wa sitiyari tawul. Da damina funfuna ce, kada a bar jiƙaƙƙen kaya bisa kujera, a riƙa buɗe ƙofofi iska ta ratsa. Shafe sitiyari kowane mako, kujeru kowane wata, da babban wanki a farkon kowane lokaci cikin ukun nan, ya wadatar.

Mas'ala

Almajirai sukan tambaya game da fatar da aka jeme a ƙasashen da ba a san yankansu ba. Mashahurin zance a mazhabar Imamu Malik shi ne jima ba ta tsarkake fatar mushe tsarki cikakke, amma an yi rangwamen amfani da ita ga busassun abubuwa da ruwa, ban da ta alade, kuma ba a salla a kanta. Hanafawa da Shafi'awa suna ganin jima tana tsarkakewa, su ma ban da alade, Shafi'awa kuma sun haɗa da kare. Wanda ya zauna bisa busasshiyar kujera da busasshiyar tufa babu abin da ya kama tufarsa, balle ga rufi tsakani. Wanda salla ta riske shi a hanya ya sauka ya shimfiɗa buzunsa. In kuwa najasa ta zuba a kujera, kamar fitsarin yaro ko jini, sai a ɗauke ta da tsumma, a bi wurin da ruwa mai tsarki har launi da wari su gushe, kana a busar.

Tanbihi ga masu ciniki

Sitiyari mai ba da shaida ne. Motar da agogonta ya nuna tafiya kaɗan, amma sitiyarinta ya goge sumul, gefen kujerar direba ya faɗa, robar birki ta cinye, to mai saye ya tsaya ya ƙara bincike, domin ana iya mai da agogo baya, amma sawun hannu ba ya komawa. Ya zo da farin tsumma ya shafa kujera. In ya fito da maiƙo ko launi, ya duba abin da aka lulluɓe.

Mai sayarwa kuma ya sani wanke mota domin ta fito da kyanta halal ne, babu mai zarginsa. Amma cike tsaga da mai, ko shafa baƙi bisa wurin da ya ɓare domin kada a gani, algus ne, kuma shari'a ta ba mai saye ikon mayar da haja saboda aibin da aka ɓoye masa. Ramin ƙarya ƙurarre ne: mako biyu na rana sun isa su tone abin da aka rufe, dillali ya rasa amana a kasuwar da zai koma gobe. Bayyana aibi yana rage kuɗi kaɗan, amma yana barin albarkar ciniki.

Allah Ya tsare matafiya, Ya sa albarka ga dukiyar da aka samu ta halal, Ya kai kowa gidansa lafiya. Allah ne Mafi sani. Haza wasalam.